Tarihin Ƙarar Kunne: Daga Allunan Yumɓu Zuwa Ɗakin Likita

Ya kai mai karatu, idan ka daɗe kana kwana da wani amo cikin kunnenka, kamar kukan gyare ko fito ko ƙugin inji, alhali na kusa da kai ba ya jin komai, to ka sani ba a kanka farau ba. Wannan larura ta girmi asibiti.

Mutanen Mesofotamiya, wato Iraki ta yau, sun rubuta a allunan yumɓu cewa kunne yakan yi waƙa ko raɗa, suka danganta hakan ga fatalwa, suka nemi waraka da tofi. Marubucin Rumawa, Filini Babba, ya kawo camfin zamaninsa cewa wanda kunnensa ya yi ƙara ana zancensa ne a bayan ido. Girkawa kuwa sun lura da abin da har yau ake cin moriyarsa: amon yakan lafa idan wani sauti ya taso daga waje. Ibn Sina, a cikin Alƙanun da ya kammala a 1025, ya ware wa ƙugin kunne babi, ya nemi sanadinsa a cikin jiki.

A 1801 Beethoven, gwanin kiɗa na Jamus, ya koka a wasiƙa ga abokinsa cewa kunnuwansa na ƙugi dare da rana, jinsa kuma yana raguwa. Shekara ashirin bayan haka, a 1821, likita Itard na Faransa ya wallafa littafi kan cututtukan kunne, inda ya ba da shawarar a rufe amon da wani sauti, kamar ƙarar wutar itace ko zubar ruwa. A 1861 Ménière ya nuna cewa jiri da raunin ji da ƙarar kunne suna iya fitowa daga can cikin kunne.

A 1953 Heller da Bergman suka shigar da mutum 80 masu lafiyayyen ji cikin ɗakin da ba sauti. Kashi 94 cikin ɗari suka ce sun ji amo. Ashe shiru ne ke ƙara fito da shi, shi ya sa ya fi damunka idan dare ya tsala. A 1990 Jastreboff ya bayyana cewa idan ƙwayoyin ji suka raunana, ƙwaƙwalwa ce ke samar da amon, tsoro kuma shi ke sa ta ƙi sakinsa. Daga nan aka gina hanyar horar da ƙwaƙwalwa ta saba, kamar yadda mazaunin bakin titi ke daina jin motoci. Wani nazari na 2022 ya ƙiyasta cewa manya sama da miliyan 740 a duniya na da larurar.

To me wannan tarihi ya bar maka? Na farko, amon alama ce, sai an nemi tushensa. Yana iya zama dauɗar kunne, tsufa, hawan jini, ko hayaniyar injin niƙa da janareta da lasifikar biki. Magunguna ma suna jawo shi, kamar kwinin da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro, da yawan asfirin, da allurar jentamaisin.

Na biyu, ka je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a gwada jinka, ka tafi da duk magungunan da kake sha. Kada ka jinkirta idan amon a kunne ɗaya yake, ko yana bugawa tare da zuciyarka, ko ya zo da jiri. Idan kuwa jinka ya ɗauke farat ɗaya, ka je a ranar, domin kwanakin farko su ne na ceto. Kada ka ɗiga mai ko ruwan ganye, kada ka cusa tsinke.

Har yau babu ƙwayar da ke kashe wannan amo gaba ɗaya, saboda haka ka yi hattara da mai sayar maka da alkawari. Amma na'urar taimaka wa ji, da sauti mai taushi na fanka ko rediyo lokacin barci, da zama da masanin halayyar ɗan Adam, suna rage nauyinsa ƙwarai. Idan ya hana ka barci ko ya jefa ka cikin ƙunci, ka faɗa wa likita wannan ma, domin shi ma ana maganinsa. Allah ya ba mu lafiya.