Daga Kalangu Zuwa Fiyano: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Kiɗa



A Sabon Ibadan aka haife ni, inda mahaifina yake fataucin wake daga Azare zuwa kasuwar Bodija. Bara na raka shi gida bikin 'yar baffana. Ranar ɗaurin aure wani dattijo ya zo ƙofar gida da kalangu, ya kaɗa taken kakanmu, wanda ya taso daga tsohon garin Katagum. Ni ban gane komai ba, amma Baba ya miƙe tsaye idonsa ya ciko. Ba a jima ba wani yaro ya tayar da janareta ya jona kwamfutarsa da lasifika, 'yan mata suka cika fili. Dattijon ya rataya kalangunsa ya tafi.

Abin da ya dame ni, jama'a, shi ne kiɗan yaron nan shi na sani a matsayin kiɗan gida. Shi muka tashi muna ji a shagunan Sabo. To daga ina ya zo? Ga abin da na binciko.

Labarin ya faro a Amurka a 1957, lokacin da wani injiniya mai suna Max Mathews na Bell Labs ya rubuta manhajar da ya kira MUSIC, ya sa kwamfuta ƙirar IBM 704, wadda ta cika ɗaki, ta fitar da sauti. Kiɗan farko daƙiƙa 17 ne kacal. Dabarar ita ce a mayar da sauti lambobi, kwamfuta ta lissafa su, lasifika ta mayar da su sauti. A faifan CD, lambobi 44,100 ake ɗauka a kowace daƙiƙa ga kowane kunne.

A 1967 John Chowning na Jami'ar Stanford ya gano hanyar haɗa sautuka masu kama da na ƙararrawa da ƙaho da ɗan lissafi kaɗan. Kamfanin Yamaha na Japan ya sayi izinin amfani da ita, ya fito da fiyano DX7 a 1983. A shekarar ne kuma aka fito da MIDI, wato yaren da fiyano da kwamfuta suke magana da shi. MIDI ba ya ɗauke da sauti, umarni yake kaiwa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci. Kafin nan, a 1979, wasu mutanen Ostareliya sun ƙera Fairlight, na'urar da ke naɗar bugun ganga guda ɗaya ta ajiye, ka riƙa fito da shi da yatsa. Wannan ita ce dabarar da daga baya ta zaunar da makaɗa da yawa.

Sai manhajoji suka biyo baya. Cubase ta fito daga Jamus a 1989. FruityLoops, wadda aka sake wa suna FL Studio, ta fito daga Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990. Auto-Tune mai gyara muryar mawaƙi ta fito a 1997, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, a da aikinsa nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa ne don neman man fetur.

Mu kuwa ta Kano abin ya shigo mana, ta hanyar fim. Bayan Turmin Danya na 1990, masu shirya finafinai sun buƙaci kiɗa mai araha. A tsakiyar shekarun 1990 situdiyo irin na Iyan-Tama suka fara aiki da fiyanon Yamaha samfurin PSR. Mutum ɗaya ya zama mai ganga, mai sarewa, mai goge. Gwanintar yaran Kano ita ce sun lalubo sautukan da suka yi kama da kalangu da bandiri a cikin na'urar Japan, suka ɗora musu waƙar Hausa. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna cewa kasuwa ta karɓi wannan kiɗa. A shekarar ce kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu, Allah ya jiƙansa. Daga nan kiɗan fiyano ya bi kaset da faifai ya shiga Azare, ya biyo motocin kaya har Sabo da Agege.

Ban ce kiɗan fiyano ba namu ba ne. Duk abin da Bahaushe ya sarrafa ya zuba wa harshensa ya zama nasa, kuma da wannan kiɗa da yawanmu 'ya'yan Kurmi muka riƙe Hausa. Amma akwai abin da na'ura ba ta ɗauko ba. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa, sauti ya hau ya sauka yadda maganar Hausa take hawa da sauka. Wato magana yake yi. Fiyano yana da bugun kalangu, amma bai san sunan kakana ba. Dattijon nan ya sani, kuma ban ga yaro ko ɗaya yana bin sa ba.

Shawarata ga 'yan uwa ita ce, wayar da ke aljihunka ta fi kwamfutar Mathews ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka je gida da Sallah, ka nemi makaɗin gidanku, ka ba shi haƙƙinsa, ka naɗi taken gidanku, ka sa ya fassara maka kalma-kalma. Ni na koma wurin dattijon washegari na naɗi namu. Yanzu in kewar gida ta kama Baba a rumfa, sai ya ce, “Kai, sa mini abin nan.”

Allah ya sa mu dace, ya mayar da mu gida lafiya.

Wassalam. Naku, ɗan Azare mazaunin Sabo.