Koke-koken Fursunonin da Aka Yanke wa Hukuncin Kora daga Ingila

Tsakanin 1787 da 1868 Gwamnatin Ingila ta kwashe fursunoni wajen 162,000 zuwa Ostareliya. Hukuncin kora yakan zama shekara 7, ko 14, ko kuwa har iyakar rai. Galibinsu sata ce ta jawo musu, kuma kaɗan ne suka sake ganin gida.

A zamanin nan babu kotun ɗaukaka ƙara a kan manyan laifuffuka, don ba a kafa ta ba sai 1907. Saboda haka wanda aka yanke wa hukunci ba shi da wata hanya sai roƙon ahuwar Sarki. Akan aika da takardar koke ga Sakataren Harkokin Cikin Gida, shi kuwa yakan nemi ra'ayin alƙalin da ya yi shari'ar kafin ya yanke shawara. A ƙasar Ailan, Wakilin Sarki da ke Dablin ake kai wa.

Abin lura shi ne, masu koke ba su cika jayayya da dokar kanta ba. Abin da sukan kawo shi ne talauci, da ƙuruciya, da cewa wannan ne laifin fari, da mata da 'ya'yan da za a bari ba mai ci da su. Da yake da yawansu ba su iya rubutu ba, wani ke rubuta musu, sa'an nan a nemi limamin coci, ko uban gida, ko ma wanda aka yi wa satar, su sa hannu. Nauyin takarda yana ga darajar masu sa hannun.

Labarin leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle ya nuna wannan ta wata fuska. A 1834 aka yanke musu shekara 7 saboda rantsuwar asiri da suka yi wajen kafa ƙungiyar ma'aikata. Dubban jama'a suka yi jerin gwano a Landan da takardar koke, Lord Melbourne ya ƙi karɓarta a ranar. Amma magana ba ta mutu ba, har aka yi musu ahuwa a 1836, zamanin Lord John Russell.

Don haka mai nazarin waɗannan takardu ya kamata ya duba sunayen da ke ƙasa kamar yadda yake duba kukan da ke sama, gama ahuwa ta fi samuwa ga mai mutane.