Zane Ba Shi Da Lamba: Tarihin Suturar Mata Masu Jiki

Duk wanda ya taɓa leƙa tsakar gida ranar da aka kawo lefe a Fakku ya san yadda abin yake tafiya. A shimfiɗa tabarmi, a jera akwatuna, wata gwaggo mai baki ta zauna gaba tana ɗagawa tana ƙirgawa: atamfa turmi kaza, leshi kaza, shadda kaza, mayafai kaza. A duk wannan babu mai tambayar ko kayan za su yi wa amarya. Sai an iso akwatin ƙarshe, na ɗinkakkun kaya, inda ake zuba abaya da rigunan barci da siket da rigar mama, sannan ake soma kallon juna. In amaryar mai jiki ce, sai ka ji wata ta rage murya ta ce, "Yaya, wagga ba ta shigar ɗiyarmu." Babbar ta amsa, "Aje ta gefe, a ba ƙanwarta."

Mun ga wannan ba sau ɗaya ba a danginmu, kuma kullum a kan jikin amarya ake ɗora laifin. Amma in muka bi tarihin suturarmu za mu ga cewa matsalar baƙuwa ce. Ba ta girmi kakanninmu ba. Jikin matanmu yana nan yadda yake, kayan ne suka sauya.

Kafin zuwan Turawa, tufafin ƙasar Hausa daga hannun masaƙa suke fitowa. Mata su kaɗa auduga da mazari, maza su saƙa ta ƙwarya-ƙwarya, siririya mai tsawo, sannan a jera ƙwaryoyin a haɗe su da allura. Wasu matan kuma suna saƙa gwado mai faɗi a cikin gida. Daga nan sai marina, sai mabuga. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma zo Sakkwato da Gwandu a 1853, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A nan yankinmu, kasuwar Jega ta zama matattarar fatake tun ƙarni na 19, kuma tufafi suna cikin manyan hajojinta.

Abin lura shi ne yadda ake auna wannan sutura. Ba a yanka zane a bi surar jiki. Mace ta ɗaura ɗaya a ƙugu ko a ƙirji, ta yafa wani, ta ɗaura kallabi. Wadda ta fi jiki sai a ƙara mata ƙwarya, ko a tsawaita saƙar. Zanen da ta ɗaura tana amarya shi za ta ɗaura da tsohon ciki, shi za ta ɗaura bayan wankan jego, ta sassauta ko ta tamke. Ba mu ce zamanin ba shi da nasa wahalar ba, domin ƙarin ƙwarya ƙarin kuɗi ne, kuma talaka ya san haka. Amma babu wadda aka taɓa ce wa babu nata. Hasali ma cikar jiki abin yabo ce. Har yau in an ce amarya ta murje ta yi ɓul-ɓul, yabon mijinta ake yi, ana nufin yana riƙonta da kyau.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ta wannan hanya yadin kanti ya malalo cikin ƙasa, kamfanoni irin su UAC da John Holt suna sayen gyaɗa da auduga da fata, suna sayar da akoko da atamfa. Sunayen da muke kiran atamfofi da su har gobe suna ɗauke da wannan tarihi: Holan ta kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, Ingila kuma ta masaƙun yankin Manchester. Daga baya aka soma yin tamu. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, Gusau ma ta samu tata.

Atamfa ba ta kori mai jiki ba, domin ita ma ba ta da lamba. Sai dai ta zo da iyaka ta farko: turmi yadi shida. A cikinsa za a fitar da zane da riga da ɗankwali. Siririya tana samun rara har ta yi wa ɗiyarta riga, mai jiki kuwa sai an yi dabara, ko a haƙura da wani salon ɗinki. Wannan ita ce damuwar da har yanzu take tasowa duk lokacin da aka fitar da ankon biki, aka raba wa kowa turmi ɗaya.

Tare da atamfa keken ɗinki ya shigo, Singer da farko, daga baya Butterfly ta ƙasar Sin. Da mata suka koma sa riga a kan zane, sai awo ya zama dole. To amma tela namiji ne a kasuwa, matar aure kuma tana cikin kulle. Yaya aka yi? Sai ta naɗe tsohuwar rigarta a cikin sabon turmin, ta ba yaro ya kai, da saƙon baki: a ƙara faɗin yatsa biyu a ƙirji, a saki hannu. Tsohuwar riga ita ce tef ɗin awo. Sayen yadin kansa ma ba ya bukatar ta fita. Dillaliya ce take shigo mata da ƙunshi har ɗaki, ta baje, a taya, a biya kaɗan-kaɗan ko a jira kwasar adashi. Dillaliya ta san jikin kowace mace a unguwa, ta san wadda ta haihu ta ƙara jiki, ta san wadda ciwo ya zabge. Ita ce katalog ɗinmu na farko, kuma mai ido.

Katalog na takarda kuwa, wato littafin hotunan kaya da farashinsu wanda ake yin oda daga cikinsa ta gidan waya, labarinsa daga Turai da Amurka ya faro. Can ne aka fara ɗinka kaya jibgi guda kafin a san mai sawa, don haka can ne mai jiki ta fara shiga kanti ta fito hannu rabbana. Wata baƙuwa daga ƙasar Lituweniya, Lena Bryant, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da jariri, ta buɗe shago a birnin New York a 1904. A banki aka kuskure rubuta sunanta, ya koma Lane Bryant, sunan kuma ya bi kamfanin. Da rigunan masu ciki ta fara. Daga baya ita da mijinta na biyu, Albert Malsin, suka auna dubban matan da ke sayayya a wurinsu, suka soma ɗinka wa masu jiki kaya. Katalog ya taimaki cinikin ƙwarai, saboda mace tana zaɓar abin da take so a ɗakinta ba tare da idon mai kanti ba. A Ingila ma an buɗe kantin Evans a 1930 don irin waɗannan mata. Wato abin da dillaliya take yi mana a sauƙaƙe, su sai da suka kafa masa kamfani.

Lambobin da ke wuyan riguna ma suna da asali. Tsakanin 1939 da 1940 gwamnatin Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000, ƙarƙashin jagorancin Ruth O'Brien da William Shelton, aka fitar da rahoto a 1941. Awon farar fata kawai aka yi lissafi da shi, aka ajiye na sauran. A kan wannan aiki aka gina ma'aunin da gwamnati ta fitar a 1958, wanda aka soke a 1983 bayan kamfanoni sun daina binsa. Tun daga nan kowane kamfani da nasa lissafin. Shi ya sa lamba 16 ta Ingila ba ita ce 16 ta Amurka ba, kuma XL ɗin wata masana'anta a Sin yana iya zama M a wani wuri. Duk inda aka zauna aka tsara waɗannan lambobi, ba a auna mace ko ɗaya daga Kebbe ko Tambuwal ba.

A zamanin mulkin mallaka katalog ya iso Nijeriya. Akawuna da malaman makaranta suna odar takalma da tufafi daga kamfanoni irin su Lennards na Bristol da Oxendale na Manchester, su biya ta gidan waya, su jira jirgin ruwa. UAC ta buɗe kantin Kingsway a Legas a 1948, daga baya ya yi rassa a wasu manyan birane. Amma wannan duniyar 'yan boko ce da matan Turawa. Matar Fakku ba ta san ana yi ba, kuma ba ta yi asarar komai ba. Katalog ɗin da ya iso gare ta daga baya shi ne wanda tela yake liƙawa a bango ko yake ajiyewa a kan teburi, mai hotunan salon ɗinki. Mujallar Ovation, wadda ta fara fitowa a 1996 cike da hotunan bukukuwan masu hali, ta yi wannan aiki a shagunan teloli da dama. Bambancinsa da na Turawa babba ne: a nan salo kawai ake zaɓa, awon na mai kayan ne.

Ɗinkakkun kaya sun shigo gidajenmu ta ƙofofi uku. Ta farko gwanjo, wanda ake saukewa a Kwatano, ya ratso Nijar, ya shigo ta iyakoki irin ta Birnin Ƙonni da Illela, musamman bayan tsadar rayuwar da ta biyo tsarin SAP na 1986. A gwanjo mai jiki takan dace, tunda ƙasashen da kayan suka fito suna da masu jiki da yawa, amma sai ta tona dila, kuma babu mai sa gwanjo a lefe. Ta biyu tsarabar Makka da kayan Dubai, waɗanda suka kawo mana abaya. Lambar abaya, daga 52 zuwa 60, tsawo take nunawa da inci, daga kafaɗa zuwa ƙasa. Don haka gajeruwa mai jiki takan sayi mafi tsawo domin ta samu faɗi, ta kai wa tela ya rage ƙasan, wani lokaci har da adon da ta saye ta dominsa. Ta uku kayan Sin, waɗanda suka cika Kantin Kwari da kasuwar Sakkwato a daidai lokacin da masaƙunmu suke mutuwa. Masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007.

Ɗan kasuwar ƙauye da ya je sari yana da nasa lissafin. Jarinsa kaɗan ne, don haka dozin ɗin da zai ƙare da wuri yake ɗauka, na matsakaitan lambobi. Manyan lambobi sun fi tsada, kuma suna iya kwana. Sakamakon haka, macen da ba ta samu nata a kasuwar garinsu ba sai ta biya mota zuwa Tambuwal ko Jega, in ba a dace ba sai Sakkwato, ko ta ba da sautu a kawo mata abin da ba ta gwada ba. Abin ya fi tsanani a kan rigar mama, wadda ba a iya gwadawa a rumfa, kuma sau da yawa saurayi ne yake sayarwa. Mata nawa ne suke yini cikin wadda ta matse su har ta yi musu shata a fata, don kunyar faɗin lambarsu? Ga kuma abin mamaki: a kasuwa ɗaya ake sayar wa 'yan mata ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, duk da illarsu, a kasuwar kuma ake ce wa wadda Allah ya ba jiki babu nata. Wataƙila wannan yana cikin abin da ya sa hijabi, wanda ya yaɗu tun daga shekarun 1980, ya zauna daram, bayan dalilinsa na addini: shi ma kamar zane, ba ya tambayar faɗin kowa.

Yanzu katalog ya koma cikin waya. Jumia da Konga sun fara a 2012, amma cinikin matanmu ya fi gudana a WhatsApp da Instagram, inda dillaliyar zamani take ɗora hoto, a tura kuɗi, a sa kaya a motar haya. Rigar da ke hoton a jikin siririya take, ko a jikin gunkin kanti. In ta iso ba ta shiga ba, kuɗin mayarwa ya kusa kuɗin rigar. A nan mu masu rubuta manhaja muna da hannu. Mu ne muke tsara ɗan jerin nan da ake latsawa a zaɓi lamba, kuma sau da yawa mukan kwafo shi daga shagunan waje: S, M, L, XL, shi ke nan. Duk wadda ta wuce nan, manhajar ba ta san da zamanta ba. Alhali ƙara gurbin da mace za ta rubuta faɗin ƙirji da ƙugu da tsawo da inci ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma da shi saƙon zai tafi kai-tsaye wurin tela.

Da tsohuwar zuma ake magani. Muna da teloli a kowane lungu, yanzu har da mata masu keke a cikin gidaje, waɗanda za su auna 'yar'uwarsu ba tare da kunya ba. Muna da al'adar aika tsohuwar riga. Abin da ya rage shi ne masu haɗa lefe su aika a tambayo awon amarya kafin su tafi kasuwa, masu sayarwa a waya su rubuta awo da inci a ƙarƙashin kowane hoto, mu kuma mu gyara jerinmu. In an yi haka, ranar buɗe akwati gwaggo za ta ƙirga har ƙasan na ƙarshe, ba a ajiye wa ƙanwar amarya komai a gefe ba.