Labarun Al'ajabi na Yara Daga Littafi Zuwa Fim a Kano

Tun zamanin da, yaran ƙasar Hausa sun kasu wajen irin labarin da kowa ya fi so. In tsohuwa ta tara jikokinta da dare, sai a ji wannan ya ce a yi ta Gizo da Ƙoƙi, wancan ya ce shi sai ta Dodo, 'yan mata kuwa su nemi ta Daskin da Riɗi. Da aka soma rubuta irin waɗannan labaru cikin boko, daga baya kuma aka juya waɗansu zuwa fim, gardamar nan ba ta mutu ba, sai ta bi yara har cikin aji da gidan siliman. A Gyadi-Gyadi da Tarauni, watau unguwannin da suka cika da jama'a sa'ad da Kano ta faɗaɗa kudu da gabas bayan samun mulkin kai, an ga dukan matakan nan, gama a gefensu ne masu shirya fim na Hausa suka yi sansani.

Asalin littattafan daga Zariya ya fito. A shekarar 1933 Hukumar Talifi, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labaru da Hausa, domin yaran makaranta ba su da abin karantawa na nishaɗi. Littattafai biyar suka yi fice: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Biyun farko su ne masu aljannu da ƙasashen da ba a taɓa gani ba. Sa'an nan aka ɗauko Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, ya zauna Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga shi kashi uku tsakanin 1937 da 1939. Akwai labaru fiye da 80 a ciki. Da yawansu ya samo tushensu daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, kamar Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus waɗanda 'yan'uwan nan biyu masu suna Grimm suka tattara, amma ya sa musu rigar Hausa, har yaro ya ɗauka a bayan garinsu abin ya faru.

Bayan waɗannan sai aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a 1951, wanda aka gina bisa labarin wani jarumin Rasha. A 1969 kuma Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba wanda wani baƙo daga sararin sama ya ɗauka ya yi yawo da shi. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ya ci gaba da buga su, suka shiga makarantun firamare na Kano duka.

To, a nan ne son zuciyar kowane yaro ya bayyana. Mai son dariya ba ya wuce Ruwan Bagaja, saboda zambar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke ƙulla wa juna gari gari. Mai son jaruntaka ya riƙi Iliya, wanda ya tashi gurgu ya zama barde, da dokinsa Kwalele, ko kuwa ya riƙi Ganɗoki da yaƙe-yaƙensa. Mai son hikima kuwa sai ya zauna wurin Aku, tsuntsun nan da ya tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labaru har ya hana shi fita ya faɗa tarkon Waziri. Littafi ɗaya yakan zaga hannun yara goma har bangonsa ya fita, kowa kuwa da irin surar da ya zana wa Malam Zurƙe a zuciyarsa. Wani ya gan shi dogo siriri, wani gajere mai tumbi, ba kuwa wanda zai ce wa ɗan'uwansa ya yi kuskure.

A ƙasashen Turai da Amurka tun da wuri aka shiga juya irin waɗannan labaru zuwa fim. A shekarar 1937, watau shekarar da kashin farko na Magana Jari Ce ya fito, kamfanin Walt Disney ya nuna fim ɗin zane na Snow White, wanda shi ma daga tatsuniyoyin Grimm aka ɗauko shi. Ashe rijiya ɗaya aka ɗebo, wani ya zuba a takarda a Zariya, wani ya zuba a majigi a Amurka. A Kano kuwa, ko da yake an buɗe siliman Rex a 1937, daga baya aka yi Palace da El Dorado da Plaza, har da Marhaba a Farm Centre cikin Tarauni, finafinan Indiya da na Amurka da na Sin ne suka cika su. Yaron da ya karanta labarin aljannu da Hausa da rana, in ya sami shiga siliman da dare, da harshen Indiya zai ga aljanin.

Littafin Hausa na farko da ya zama babban fim shi ne Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, amma wannan labarin bauta ne da neman ilmi, na manya. Cikin shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo kashi kashi, Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan, yara suka riƙa cika zauren duk mai akwatin talabijin a unguwa. A 1989 kuma Ramalan Nuhu ya shirya fim ɗin Ruwan Bagaja. Daga nan gardama ta sami sabon reshe. Waɗanda suka riga suka karanta suka ce an tauye labarin, gama daɗin Imam a bakinsa yake, watau cikin karin magana da ba'a da yadda yake jera kalmomi, abin da na'urar ɗaukar hoto ba ta kamawa. Waɗanda ba su yi boko ba, da ƙananan da ba su iya haɗa baƙi ba tukuna, suka ce su dai yanzu ne aka buɗe musu ƙofa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai wanda ya fara da kallo ya rasa abu guda, don fuskar ɗan wasan ta riga ta zauna masa, ko ya karanta littafin daga baya ita zai riƙa gani.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, sana'ar fim ta kafu a Kano. Ba a daɗe ba ofisoshin masu shiryawa da ɗakunan tace hoto da na kiɗa suka jeru a Titin Gidan Zoo, wanda ya taso daga bakin Gyadi-Gyadi. Mai karatu zai zaci yanzu ne Iliya da Ganɗoki za su hau doki a gaban jama'a. Ba haka ta kasance ba. Littattafan da aka fi juyawa su ne na soyayya da zaman aure, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Daga cikin 'yan kaɗan da suka waiwayi taskar yara akwai kamfanin Sarauniya, wanda ya yi fim ɗin tatsuniyar Daskin da Riɗi a 1998.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Marubuci yana iya tada rundunar aljannu dubu da layi guda, ba abin da ya kashe sai tawada. Mai fim kuwa sai ya nemi dawaki da sulke da fada, ya biya masu dabarar hoto waɗanda za su sa mutum ya tashi sama ba tare da an yi masa dariya ba. Fim ɗin soyayya falo ɗaya da lambu ɗaya sun ishe shi. Har wa yau kuma, masu sayen kaset a lokacin matan aure ne da samari da 'yan mata, yaro ba shi da kuɗin saye, saboda haka ba a yi ciniki dominsa ba.

Amma ƙishirwar al'ajabi ba ta gushe daga zukatan yara ba. Marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun cika kasuwar Kano da littattafan yaƙi masu matsafa da sadaukai da aljannu, samari suka yi ta haya suna karantawa. A waje kuma, labarin Harry Potter da aka buga a Ingila a 1997 ya zama fim a 2001, ya iso Kano a faifai. Cikin shekarun 2010 aka shiga ɗora muryar Hausa bisa finafinan Indiya, ana tura wa mutane a waya a shagunan unguwa da kasuwar waya ta Farm Centre. Ta haka yaron Tarauni ya san jaruman ƙasashe masu nisa da sunayensu, alhali in an tambaye shi wane ne Malam Zurƙe sai ya yi shiru, in ba an karanta musu a aji ba.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, yaro ba ya zaɓa sai cikin abin da aka ajiye a gabansa. Imam da abokansa sun aro daga ko'ina, suka mayar da abin nasu, yaran zamaninsu suka sami abin yin gardama a kai cikin harshensu. Littattafan nan har yanzu ana samunsu wajen masu sayar da littafi a Kano, dabarar zane da kwamfuta kuma ta rage tsadar da ta hana a nuna aljani da doki mai tsalle a da. Saura ga iyaye su sa littafin a hannun yaro tun bai ga hoton ba, masu fim na Titin Gidan Zoo kuma su tuna da yaran da suke wucewa ta ƙofar ofisoshinsu kowace safiya za su makaranta.