Tarihin Ɗori da Kwatangwalon Yaro

Sana'ar ɗori tana cikin tsofaffin sana'o'in Bani Adama, kuma a ƙasar Hausa ta sami martaba har sarakuna suna naɗa Sarkin Ɗori, ana kuwa gadonta ne, uba ya koya wa ɗa yadda ake lalube ƙashi da yatsu, a ja shi, a daidaita, a shafa man shanu, sa'an nan a jera kara a ɗaure. A dantse da ƙwauri wannan hikima ta amfani jama'a ƙwarai. Amma akwai wuri guda wanda ya daɗe yana gagarar maɗora da tabibai baki ɗaya, watau kan ƙashin cinyar yaro, inda ya shige cikin kwatangwalo kamar taɓarya a turmi, nama mai kauri ya lulluɓe shi, hannu ba ya isa gare shi.

Abul Ƙasim az-Zahrawi, babban tabibin Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya keɓe babi ga karaya da gocewar gaɓɓai a ƙarshen littafinsa At-Tasrif, malaman Turai kuma suka yi ƙarnuka suna karatunsa. Amma shi ma da hannu da ƙiyasi yake aiki. A 1572 Ambroise Paré, tabibi Bafaranshe, ya ambaci cewa kan ƙashin cinya yakan rabu da wuyansa a jikin yara. Haƙiƙanin al'amarin bai bayyana ba sai bayan 1895, da masanin kimiyya Röntgen ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi a Jamus.

Abin da aka gani shi ne, tsakanin kan ƙashin da wuyansa Allah Ya sanya wani faifan guringuntsi, daga nan ƙashin yake ƙara tsawo har yaro ya balaga, faifan ya rufe. Kuma saboda ya fi ƙashi taushi, idan yaro ya faɗo daga bisa ko mota ta buge shi, ta nan yake iya rabewa. Likita Delbet a Faransa ya kasa karayar kwatangwalon yara kashi 4, ya sa rabewar faifan ta farko, likitoci Salter da Harris kuma a Kanada suka tsara karayar faifan girma a 1963. Amma a ganina babu wanda ya kai likita Trueta fa'ida, domin shi ne a 1957, yana Oxford, ya nuna cewa a shekarun yarinta jinin da ke ciyar da kan ƙashin yana bin 'yan jijiyoyi ƙalilan da suka kwanta a jikin wuyansa, faifan kuwa ya tare hanyar ciki, saboda haka idan suka tsinke sai kan ƙashin ya mutu a hankali, ƙafar ta gajarta, yaro ya girma da ɗingishi, alhali a waje babu rauni ko kaɗan. Ja da murɗawa, waɗanda su ne ginshiƙin ɗori, a nan suna iya ƙarasa jijiyar da ta rage.

Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da ire-irensa suna mayar da ƙashin mazauninsa a riƙe shi da siririn ƙarfe, kuma gaggawa tana da muhimmanci. Ina roƙon iyaye da maɗora masu tsoron Allah: yaron da ya faɗi ya kasa taka ƙafa, yana kukan ƙugu ko gwiwa, a kai shi a ɗauki hoto tun ranar, kafin kowa ya ja ƙafar.