Yadda ake warware injin tsohon babur da ya cije bayan doguwar ajiya

Tsofaffin babura irin su Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, da Honda CG125 da ya fito a 1975, har yanzu ana samun su jingine a zaure ko bayan ɗaki. Idan aka zo tayar da su bayan shekaru, akan tarar kik ya ƙi motsi. Sau da yawa irin wannan inji yana gyaruwa, matuƙar mai shi bai yi gaggawa ba.

Abin da ke jawo cijewa

Idan inji ya daɗe a ajiye, bakin man da ke jikin silinda yakan tsiyaye. Danshi, musamman na damina, sai ya shiga ta salansa ko ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe. Daga nan tsatsa ke haɗe zobban fistan da bangon silinda.

Bincike kafin gyara

Da farko a cire fulogi, a sa giya a firi, a buɗe murfin gefen inji, a gwada juya karanshaf da sifana a hankali. Idan ya juya, matsalar tana ga kik ko giya. Idan ya ƙi, galibi fistan ne ya kama.

Jiƙawa da girgizawa

A zuba man sassauta tsatsa ta ramin fulogi. Man dizal ko kananzir ma suna aiki. A bar shi kwanaki, wani lokaci har makonni, ana ƙarawa idan ya ragu. Bayan haka a sa babur a giya mafi girma, a riƙa tura shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Da zarar fistan ya motsa, a ƙara mai a ci gaba. Kada a dira a kan kik da ƙarfi, domin hakan na iya karya zobba ko haƙoran kik, ko ya lanƙwasa sandar fistan.

Idan jiƙon bai yi ba, a kwance kan silinda, a ɗora guntun katako a kan fistan, a riƙa bugawa da guduma sannu-sannu. Ba a buga fistan da ya tsaya a ƙarshen sama ko ƙarshen ƙasa, saboda nauyin bugun a kan sanda da boris yake sauka.

Bayan ya warware

A juya injin ba tare da fulogi ba har ragowar man ya fita, don ruwan da ya rage a silinda na iya lanƙwasa sanda. A canza bakin mai, a wanke tanki da kabireta. Idan tsatsa ta ci bangon silinda, sai a faɗaɗa ramin a sa fistan mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. A injin da ake haɗa wa fetur da bakin mai, irin na tsohuwar Vespa, a duba boris ɗin karanshaf, domin su ma suna tsatsa.

Mai son ajiye babur na tsawon lokaci ya zuba cokali ɗaya na bakin mai ta ramin fulogi, ya riƙa juya injin duk wata.