Wasiƙar da Ba Mu Rubuta Ba: Tarihin Sharaɗi kan Dukiyar Ma'aurata, daga Ƙairawan zuwa Batsari da Safana

Kalmar wasiƙa da muke amfani da ita ta samo asali ne daga Larabci. A wurin malaman Malikiyya na Andalus da Magrib, wasiƙa takarda ce da shaidu adilai suke sa wa hannu domin ta tabbatar da haƙƙi, na ciniki ne ko bashi ko waƙafi ko aure. Da kalmar ta zauna a bakin Bahaushe sai ma'anarta ta ƙuntata, ta koma saƙon da ake aika wa ɗan'uwa. A ganina wannan ƙuntatar ta ɗauke da tarihin mas'alar da za mu duba.

Ɗalibai kan tambaye ni hukuncin yarjejeniyar da ma'aurata suke rubutawa kan dukiya, kafin ɗaurin aure ko bayansa, suna ɗaukar abin baƙo ne daga Turai. Turawa sun buƙace ta ne saboda aure a wurinsu yana cakuɗa dukiya. Matar aure a Ingila ba ta sami cikakken ikon mallakar abinta ba sai da dokar 1882, kuma sai a 2010 kotun ƙolin ƙasar ta ba irin wannan yarjejeniya nauyi mai ƙarfi. A shari'armu aure bai taɓa haɗa zimmar miji da ta mata ba. Saboda haka matsalarmu ita ce hujja: idan gardama ta tashi, da me mace za ta tabbatar da cewa abin nan nata ne?

Asalin babin shi ne hadisin Uƙbatu bn Amir (R.A.) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya fifita cika sharuɗɗan aure a kan sauran sharuɗɗa. Hanbalawa sun ɗauke shi a kan faɗinsa. Malikiyya kuwa sun kasa sharaɗi uku: wanda aure da kansa yake hukunta shi, kamar ciyarwa, wanda yake warware manufar aure, kamar a ce babu gado ko babu ciyarwa, wannan ɓatacce ne, da kuma wanda bai shiga ɗayan biyun ba, kamar kada a yi mata kishiya ko kada a fitar da ita daga garinsu. Na ukun makaruhi ne, an so a cika shi, amma ba ya lizimtar miji sai in an rataya shi da saki ko an mallaka wa matar al'amarinta.

Abin lura shi ne yadda aiki ya wuce wannan karhancin. Masana tarihi sun ambaci cewa Arwa, matar Abu Ja'afar al-Mansur, ta sharɗanta masa kada ya yi mata kishiya tun kafin ya zama halifa a 136H, kuma irin wannan sharaɗi ya shahara har ana jingina shi ga mutanen Ƙairawan. A Ƙurɗuba, Ibn al-Aɗɗar (ya rasu 399H/1009) ya tsara wa marubuta wasiƙu samfurin takardar aure: adadin sadaki, na hannu da na ajali, tsawon lokacin da miji zai iya yin nesa da gida, da haƙƙin matar na ziyartar danginta. Marubutan sukan rubuta cewa miji ya ɗauki sharuɗɗan ne bisa raɗin kansa bayan an ƙulla aure, don su kauce wa karhancin sa su a cikin ƙullin. Wannan ita ce yarjejeniyar bayan aure tun kafin a san ta da wannan suna. Shaikh Khalil (ya rasu 776H) ya tabbatar da tasirinta ta fuskar dukiya: matar da ta yafe wani ɓangare na sadakinta bayan ƙulli, a kan kada a yi mata kishiya, tana da ikon karɓar abinta idan mijin ya saɓa.

Littattafan sun iso mana. Risala da Mukhtasar da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim (ya rasu 829H/1426) su ne abin karatun zaurukan Katsina da abin dogaron alƙalanta. Sana'ar rubuta wasiƙar aure ce ba ta kafu a karkararmu ba. Takarda tana da tsada, gari ƙarami ne, kowa ya san kowa, ga liman ga waliyyai ga goro an raba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa cin sadakin mace da wasu suke yi cikin bidi'o'in da ya yi yaƙi da su, wanda ke nuna cewa ko a zamaninsa haƙƙin yana salwanta idan babu mai tsaya masa.

Ƙasar Ruma, wadda hakiminta Sarkin Ruma yake zaune a Batsari, da ƙasar Safana ta Yariman Katsina, bakin iyaka ne a ƙarni na 19, tsakanin masarautar da Malam Ummarun Dallaje ya kafa da sarakunan Katsina na dauri da suka koma Maraɗi. Dajin Rugu yana gefensu, hari yana zuwa ta cikinsa. A irin wannan wuri dukiyar mace abin da ido yake gani ne: kayan ɗaki, tasoshi da kwanonin jere, awaki da tumaki, a rugar Fulani kuma saniyar sadaki da abin da ta haifa. Ranar jere mata sukan taru su ga abin da aka kawo ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ganin shi ne rajistar. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967, ta lura cewa kaso mai yawa na awaki da tumakin garin na mata ne, kuma suna gudanar da ciniki daga cikin gidajensu.

Fiƙihu ya yi daidai da wannan tsari. Idan ma'aurata suka yi jayayya kan kayan gida babu shaida, abin da al'ada ta san na mata ne a ba matar bayan ta rantse, na maza da wanda ya dace da kowa a ba mijin. Uban budurwa da ya ce abin da ya ƙara a kayan ɗakin aro ne, ana karɓar maganarsa a cikin shekarar farko kaɗai. Hukunce-hukuncen nan duka sun dogara da abu biyu: al'adar da ba ta canja ba, da shaidun da ba su watse ba.

Dukansu biyu sun girgiza. Firji da babur da injin markaɗe da kuɗin asusun banki, al'ada ba ta yanke na wane ne ba, ƙa'idar kuwa tana miƙa abin da ya dace da kowa ga miji. Sannan satar shanu da garkuwa da mutane sun tarwatsa ƙauyukan bakin daji a cikin shekarun nan, mutane suka kwararo Batsari da Safana da birnin Katsina.

Wata baiwar Allah daga ɗayan waɗannan ƙauyuka ta aiko a tambaye ni. An sace mijinta, ta sayar da awakinta da keken ɗinkinta aka cika kuɗin fansa. Ya dawo, bai daɗe ba ya rasu. Ita ta ce bashi ne, magada suka ce kyauta ce. Nassi mafi kusa da mas'alarta yana cikin babin jihadi na Mukhtasar: wanda ya fanshi kamamme yana da ikon bin sa kuɗin, amma ban da muharrami da abokin aure da ya san wanda yake fansa, domin ana ɗaukar ya yi ne don zumunci, sai fa idan kamammen ne ya umarce shi kuma ya ɗauki nauyin biya. Ta ce ya umarce ta ta waya, kuma da ya dawo ya yi alkawarin biya a gaban mata biyu. A mazhabarmu shaidar mata biyu tare da rantsuwar mai da'awa tana tabbatar da dukiya. Ɗayarsu ta rasu, ɗayar ta bi mijinta Nijar. Layi uku da limamin unguwa zai rubuta ranar da mijin ya dawo, da sun wadatar da ita.

Magrib ta ci gaba da raya wannan babin. Ibn Ardun (ya rasu 992H/1584) ya ba da fatawar cewa matar ƙauye da ta yi aikin gona tare da mijinta tana da rabo a cikin abin da aka samu, ko da yake malaman Fas da yawa sun ƙi ta. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta bar kowanne da dukiyarsa, sannan ta ba su damar rubuta takarda daban kan abin da za su samu tare, ta kuma ɗora wa shaidun ƙulli su sanar da su hakan. A nan gida, lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya tayar da maganar kundin dokar iyali a 2017, muhawara ta tafi kan sharaɗin ƙarin aure, maganar dukiya ba ta sami kunne ba.

Iyakar irin wannan takarda a bayyane take. Ba za ta kori magaji ba, ba za ta ƙara masa a kan rabonsa ba, kuma ba za ta sauke ciyarwa a cikin ƙulli ba. Abin da za ta ɗauka shi ne lissafin kayan ɗaki da wanda ya saye su, adadin dabbobin matar da hannun da suke, sauran sadakin da ba a biya ba da ajalinsa, da duk kuɗin da ya wuce tsakanin miji da mata, a rubuta ko rance ne ko kyauta ko jari. Ibn Asim ya keɓe wa jayayyar kayan gida fasali guda a Tuhfa, kuma ɗalibanmu suna haddace shi. Takardar shaidar auren da masallatai suke bayarwa a yau kuwa, waɗanda na gani ba su wuce sunayen ango da amarya da waliyyai da shaidu da adadin sadaki ba.